Kejin Farantin Sola

Tun ranar Litinin da hantsi Tartsatsi mai walda ya kasa zaune ya kasa tsaye, kuma ba kowa ya jawo masa ba sai 'yar wansa, wadda duk gidan ke kira Nas saboda aikinta.

A falon Yaya, wan nasa, abin ya faru. Tartsatsi ya shigo da ƙugiyoyin kamun kifi cikin gwangwanin madara, ya zazzage su kan tebur, yana ta jero abin da za su ɗauka: tanti, bargo biyu, butar shayi, kujerar nan mai naɗewa. Nas ta ƙyale shi sai da ya kai aya, sannan ta ce, "Baba Ƙarami, na'urar numfashinsa fa? A jikin wace bishiya za ku jona ta?"

Shekara talatin da ɗoriya 'yan'uwan nan biyu suna zuwa bakin wani tafki idan ruwa ya ɗauke, su kafa tanti, su kwana uku. Yaya ya zauna ya kafe ido kan ruwa, Tartsatsi ya yi ta kai da kawo a bayansa, Yaya na zaginsa wai takunsa ke kore kifi. Bara da bara waccan ba su je ba, don likita ya gano numfashin Yaya na yankewa cikin barci, ya haɗa shi da wata na'ura mai abin rufe hanci, wadda ba ya kwana sai da ita. Ga shi wata mai kamawa babban ɗansa zai zo ya ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa, bene hawa na tara. Mai gwiwa irin ta Yaya in ya hau hawa tara, saukowa sai an yi shawara. In ba a je Juma'ar nan ba, to an gama zuwa. Kowa a falon ya san haka.

"Ga akwatin wuta can ɗan'uwanki ya aiko," in ji Tartsatsi, yana nuna shi da haɓa. Akwatin, wani batir mai tara wuta, na gefen kujera, girmansa bai wuce ƙaramar kula ba, da hannun ɗauka a sama da ɗan gilashi mai nuna lamba a gaba.

Nas ta ce, "Dare ɗaya yake kai shi. Na gwada. Da safe saura kashi talatin. Dare na biyu da na uku fa, ku yi ta yi masa fifita?"

"A sayo masa sola mana," Yaya ya ce daga kujerarsa. "Rana dai ba ta ƙare a duniya ba."

Nas ta dubi mahaifinta, ta dubi ƙanensa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ma masu irin aikinta ba sa bukatar ɗagawa. "To ku kawo farantin sola. A tsakar gidan nan, a kan idona, ya ɗauko akwatin daga talatin ya kai shi ɗari kafin rana ta faɗi. In ya yi, ni da kaina zan ɗaure muku kaya. In bai yi ba, mukullin mota yana cikin jakata, can zai kwana."

Ba a ga laifinta ba. Uba ɗaya gare ta.

Talata da sassafe Tartsatsi ya isa shagon sola, wani siririn shago da aka matse tsakanin kantin magani da mai sayar da taya. Faranti ne jingine a bango, manya a baya, ƙanana a gaba. Bai jira an yi masa iso ba. Ya bi su yana ƙwanƙwasa gefensu da bayan yatsa, yana ɗagawa yana jin nauyi, har ya tsaya kan wani jibgege da ya kawo masa ƙirji.

"Wannan," ya ce.

Mai Sola mace ce da ta ba arba'in baya, tabarau rataye a wuya. Ta ajiye kofin shayinta. "Sannu da zuwa, Baba. Ina akwatin?"

"Yana gida."

"To ni ba na aurar da faranti ga akwatin da ban gani ba."

Ya yi magana, ya yi rantsuwa, ya kwatanta girman akwatin da hannu, har launinsa ya faɗa. Matar nan ta ci gaba da kurɓar shayinta. Haka ya juya, bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, yana tafe yana mita, akwatin a kan cinya.

Ta sa tabarau, ta juya akwatin, ta ɗora farce kan wani ɗan rubutu da ke gefen ramin da ake jona waya. "Ka gani? Ƙarfin wuta daga bolt goma sha biyu zuwa ashirin da takwas yake karɓa. Wancan da ka ƙyalla ido a kai na rufin gida ne, ya haura arba'in. In ka yi sa'a akwatin ya ƙi karɓa. In ba ka yi sa'a ba, ya ƙone."

"Ai babba ya fi cikawa da wuri."

"Baba, sana'ar me kake yi?"

"Walda."

"In ka ƙure wuta kan siririn kwano, me ke faruwa?"

"Ɓulewa yake."

"To."

Ta nuna masa wani ɗan ƙarami mai naɗewa kamar littafi, ta ce wannan wayar hannu yake ciyarwa, in shi aka ba akwatin sai ya kwana biyu bai ƙoshi ba. Sannan ta jawo na tsakiya, mai ninkewa biyu kamar jakar tafiya, wat ɗari da ashirin, bolt ɗinsa ashirin, da 'yan ƙafafu biyu a baya. Ta tona cikin wani kwali ta zaro kan filogin da ya dace da bakin akwatin, ta haɗa masa da doguwar waya, don faranti ya sha rana akwatin kuwa ya zauna a inuwa.

"Wannan ne mijinsa," ta ce. "Abu ɗaya kawai, Baba, kada ka yarda ko da..."

"'Yata, shekara arba'in ina wasa da wuta," ya katse ta, ya riga ya saɓi kaya. "Ba yau za a koya mini ba."

Tun a cikin bas abin ya fara cin sa. Farantin ba nauyi. Da yatsa biyu ma sai ka ɗaga shi. Ƙafafun nan kuwa ko tsinken tsire... ko tsinken sakace ya fi su ƙwari. Ya tuna iskar bakin tafki, wadda ta taɓa ɗauke musu tanti sukutum ta kai cikin ruwa. Ya tuna shanun da ke saukowa shan ruwa, da saniyar da ta taka musu buta ta mai da ita faifai. Uwa-uba ga fuskar farantin a buɗe, tana sheƙi, ba abin da ya tsare ta. Mutumin da ya shekara arba'in yana yi wa tagogin mutane ƙarfe ba ya iya ganin gilashi tsirara ya wuce. Ko a gidan baƙi ya je, idonsa kan taga yake fara sauka.

Bai biya gidan Yaya ba. Shagonsa ya zarce, ya tuɓe riga, ya ɗauko awo. Kafin la'asar ya haɗa firam mai buɗewa kamar ƙofa, da wajen maƙala kwado. Ya jera rodi a fuskar, tsakanin kowane biyu faɗin yatsa huɗu, ya gitta wasu a kwance. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga aikin ya yi kyau amma ba shi da rai. Ya ɗauko guntun falankin ƙarfe, ya yanka kifi mai tsawon tafi biyu, ya fitar masa da ƙaya da wutsiya, ya ɗiga masa ido da walda, ya liƙa shi a tsakiya. Saboda Yaya ya yi. Ya shafe duka da baƙin fenti, ya rufe shago rana na faɗuwa, yana jin bai taɓa yin aiki mai tsafta irin wannan ba.

Laraba da safe maza biyu suka taya shi sauke kejin a tsakar gidan Yaya. Nas ta fito da akwatin, lambarsa talatin cif. Yaya ya sa aka fito masa da kujera ƙarƙashin rumfa, ya daɗe yana kallon abin.

"Tartsatsi."

"Na'am, Yaya."

"Laifin me farantin nan ya yi ka kai shi gidan yari?"

"Kai dai ka zuba ido. Ko giwa ta taka shi ba abin da zai same shi."

"Kifin dai ya yi kyau. Shi kaɗai ne kifin da ka taɓa kamawa."

Aka jona waya. Ɗan gilashin akwatin ya yi ƙyafta, ya nuna wutar da ke shiga: wat goma sha tara. Tartsatsi ya ce rana ce ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Hantsi ya yi, ashirin da biyu. Rana ta take tsaka, har siminti na ƙona ƙafa, ashirin da huɗu. Ya zare filogi ya hura masa iska ya mayar. Ya zura tsumma ta tsakanin rodi ya goge gilashin. Ya ja kejin gabas, ya ja shi yamma, yana kankare simintin mutane. Ya ɗaga kai ya harari sama, wai ko akwai gajimaren da ke ɓuya. Aka kawo abinci, ya ci loma biyu a tsaye ya koma ya tsuguna gaban akwatin. Ya zargi wayar, ya zargi akwatin, ya zargi waɗanda suka ƙera shi da iyayensu. Kejin kaɗai bai zarga ba. Mutum ya fi saurin tuhumar rana da ke sama a kan ya tuhumi abin da hannunsa ya yi.

Da inuwar katanga ta rufe tsakar gida, cajin akwatin na kan hamsin da huɗu.

Nas ta duba. Ta naɗe wayar. "Zan cika shi da wutar gida ya kwana da shi. Saura gobe, Baba Ƙarami."

Yaya bai yi tsiya ba wannan karon. Ya jawo gwangwanin madara, ya shiga mayar da ƙugiyoyin ciki ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya danna murfi. Ƙarar murfin nan ita ta raka Tartsatsi har gida.

Alhamis Mai Sola ba ta gama ɗaga ƙofar shago ba ta gan shi tsaye, akwati a hannun dama, faranti a hagu. Kejin ya baro shi a gida, don ba bas ɗin da zai ɗauke shi.

"Kin sayar mini da gurgu!" ya ce, ko gaisuwa babu. "Wat ɗari da ashirin a baki, ashirin a aiki. Ki ba ni wancan babban, in ya ƙone ya ƙone."

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Ki ba ni babban."

Ta karɓi farantin, ta fita bakin titi inda rana ta sauka, ta buɗe shi kan 'yan ƙafafunsa, ta jona. Lambar wutar da ke shiga ta fara hawa. Arba'in. Saba'in. Ta tsaya kan tamanin da takwas, ga shi ko ƙarfe tara ba ta yi ba. Mai taya ya leƙo yana kallo.

Tartsatsi ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa gilashin. "Jiya ba haka ya yi ba. Wallahi ba haka ya yi ba."

"Akwai bishiya a gidan?"

"Babu."

"Igiyar shanya? Wayar lantarki?"

"Babu, na ce."

"To duba nan." Ta ɗora tafin hannunta kan kusurwa ɗaya. Nan take lambar ta rufto zuwa talatin da ɗaya. Ta ɗauke, ta koma sama. "Ka ga 'yan murabba'an nan? A jere suke, kamar masu miƙa bulo hannu da hannu. Ɗaya ya tsaya, duk layin ya tsaya. Ko inuwar ganye ce sai ta rage maka. Abin da na so gaya maka ke nan shekaranjiya, ka ce shekararka arba'in."

Bai ji ƙarshen maganar ba. Tafin hannunta yake kallo. Ko kan kifinsa bai kai girma ba, balle jiki da wutsiya, balle rodi goma sha huɗu a tsaye da shida a kwance.

"Me ke yi masa inuwa a gidan, Baba?"

"Ba komai," ya ce, yana naɗe waya. "Allah ya yi miki albarka. Sai an jima."

Bas ta farko ta tsaya shan mai. Ta biyu ta shiga cunkoso a bakin kasuwa, direba ya kashe inji ya ɗora ƙafa kan ƙofa. Tartsatsi ya leƙa taga ya fi sau ashirin yana kallon rana na hawa a banza. Daga ƙarshe ya sauka, ya ƙarasa da ƙafa, kaya niƙi-niƙi. Sha ɗaya ta gota lokacin da ya faɗo tsakar gida.

Ya kafa farantin a tsirararsa, nesa da kejin, ya jona. Wat casa'in da shida.

Nas ta dubi lambar, ta dubi kejin da ke jingine a bango, ta sake duban lambar. "Baba Ƙarami..."

"Ni ne," ya ce. "Ni na tare masa rana. Kada ki ƙara."

"Ba ni na faɗa ba?" in ji Yaya daga rumfa. "Wa ya taɓa yin aikin kirki a gidan yari?"

Sa'a uku na safiya sun riga sun tafi, kuma Nas ba ta ce za ta yi rangwame ba. Cajin akwatin kuwa talatin da biyu. Ba abin da ya rage sai jira, jira kuwa shi ne sana'ar da Tartsatsi bai taɓa koya ba. Ya aika aka kawo masa injin yanka ƙarfe, ya ja kejin can ƙofar gida don kada ƙura ta hau farantin, ya shiga datse rodin da ya jera da hannunsa. Kowane biyu ya yanke sai ya ajiye inji ya sheƙo ya duba lamba, ya ɗan karkata farantin ya fuskanci rana sosai, ya koma. Ya bar firam ɗin kawai, don a jingina farantin a kai ta baya, iskar tafki ta san da wa take yi. Kifin ya cire a ƙarshe. Zai wurga shi cikin tarkace Yaya ya daka masa tsawa.

"Kawo nan! Nawa ne. Wa ya ce ka zubar?"

Ƙarfe ɗaya, sittin. Ƙarfe uku, tamanin da uku. Daga nan rana ta fara sunkuyawa, wutar da ke shiga ta ragu, inuwar katanga ta taso tana rarrafe kan siminti. Ya ja farantin gaba. Ta biyo shi. Ya sake ja har ya dangana da ƙofar gida. Tamanin da tara.

"A tsakar gida na ce," in ji Nas.

"Kin ce kafin rana ta faɗi! Ga ta can, ba ta faɗi ba!"

Ta dubi mahaifinta, wanda ya riga ya miƙe ya dogara sanda, kifin ƙarfe a hammata. Ta sunkuya ta ɗauki akwatin. "Mu je."

A titi ma ba a huta ba. Nan inuwar falwaya, can inuwar benen maƙwabta, can wata motar kaya ta zo ta tsaya daidai inda bai kamata ba, sai da Tartsatsi ya buga mata ƙofa direban ya matsa. Casa'in da biyar. Suka yi ta gangarawa, shi a gaba da faranti, doguwar waya na ja, Nas a baya da akwati, Yaya can ƙarshe yana ɗingishi yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Mai aski ya fito da almakashi a hannu. Matan da ke sayen kayan miya suka juyo. A mararraba, inda gidaje suka buɗe, rana ta rage tsawon mutum biyu a kan rufi, ta yi ƙasa har 'yan ƙafafun farantin ba sa iya kallonta. Tartsatsi ya ɗaga shi ya rungume a ƙirji, ya fuskanci yamma, ya tsaya.

Casa'in da tara.

Ta zauna a nan kamar an kafe ta da ƙusa. Gumi na shiga masa ido ba halin sharewa. Tun da aka haife shi bai taɓa tsayawa cik na tsawon haka ba.

"Nawa?"

"Casa'in da tara."

"Yanzu fa?"

"Baba Ƙarami, ko numfashi ban yi ba tsakani."

Yaya ya ƙaraso yana haki, ya zagayo ta gaba, ya ƙare wa ƙanensa kallo, sannan ya ɗaga sanda ya ɗan buga masa hannu. "Janye yatsun nan naka, sarkin inuwa. Ka rufe masa ido ɗaya."

Yatsu huɗu ne a kan murabba'in gefe. Tartsatsi ya zame su zuwa baki-baki, ya riƙe da ƙyar. Wata babbar mota ta wuce, inuwarta ta share su, ta tafi.

"Ɗari," in ji Nas.

Bai yarda ba sai da ta juyo masa da gilashin ya gani da idonsa. Sannan ya sauke farantin, ya zauna daɓas a gefen kwalbati, ƙafafu a miƙe.

Nas ta ajiye akwatin, ta zuge jaka, ta daɗe tana lalube kamar mai fatan kada ta samu. Ta fito da mukullin, ta riƙe shi a sama. "A tafkin ma haka za ka yi ta bin ta, daga fitowa har faɗuwa. Ranar da ya kasa kaiwa ɗari, a ranar za ku naɗe tanti ku dawo. Ka ji ni?"

"Na ji, uwata."

Ta saka masa a tafin hannu. Yaya ya gyara riƙon kifinsa, ya juya ya nufi gida.

"Shekara talatin yana kore mini kifi da zirga-zirga," ya ce wa mai aski yana wucewa. "Yau dai an samo masa aikin yi."